Baunar Turai da ta Amurka: an ceto su daga ƙarewa, to ina za a sa su?

Bazazzagi a Polan:
Slm jama'a, barkanmu da war haka. Ranar Asabar da ta wuce muka je wani daji a gabashin ƙasar nan kan iyaka da Belarus, sunansa Bialowieza. Tun kafin asuba muka fita don mai yi mana jagora ya ce da rana ta ɗaga sai su shige cikin itatuwa, ba mai ganinsu kuma. Sanyi kamar zai cire wa mutum yatsu, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Muna tsaye bakin wata gona sai ga su su tara suna tono ciyawa, ga wani ƙaton namiji a gefe shi kaɗai, kai a sunkuye, ga gemu, ga tozo, numfashinsa na fita kamar hayaƙin murhu. Wlh sai da gabana ya faɗi duk da akwai nisa tsakaninmu. Su a nan zubur suke ce mata, Turawan Ingila su ce bayisin, ni dai baunar Turai na kira ta don ban ga sunan da ya fi kusa ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne tarihin. Kafin yaƙin duniya na ɗaya akwai sama da 700 a wannan dajin, sarakunan Polan da na Rasha ne suka daɗe suna tsare su don farautar kansu. Yaƙi ya zo, sojojin Jamus suka ci, mafarauta suka ci, zuwa 1919 babu ko ɗaya a dajin. Ta ƙarshe a duwatsun Kokesas aka kashe ta 1927. Duk duniya 54 suka rage, su ma a gidajen zu da gandun masu kuɗi. A 1923 aka kafa ƙungiya a Balin don ceto su, wani masani ɗan Polan Jan Sztolcman na cikin waɗanda suka tayar da maganar, aka buɗe littafin asali ana rubuta kowace dabba da uwarta da ubanta. 1929 aka dawo da wasu dajin cikin shinge, sai 1952 aka fara sakinsu. A 2019 waɗanda ke yawo a daji sun haura 6,200. Tun ranar nake tunanin abin, dabba ta kai bakin kabari a dawo da ita haka. Mu me ya hana mu?

Auta:
Yaya wai ba irin baunarmu ta Yankari ba ce? Ni na ɗauka duk abu ɗaya ne sai dai waccan gashi ya yi mata yawa saboda sanyi

Likitan Dabbobi:
A'a Auta, ba ɗaya ba ne. Duba ƙaho kawai. Baunarmu, namijin, ƙahonin suna haɗewa a goshi su yi kauri kamar kwalkwali, ba ta da gemu ba ta da tozo. Waccan ƙahonta gajere ne a gefe-gefe, kuma tozon ba kitse ba ne irin na bijimin Bunaji, tsoka ce a kan dogayen ƙasusuwan baya, da ita take kaɗa kai ta share ƙanƙara ta kai ga ciyawa. Kuma ta fi baunarmu kusanci da saniya, har ana barbararsu da shanu a samu ɗa, abin da ba ya yiwuwa da baunar Afirka. Iri biyu ne suka rage, ta Turai da ta Amurka. Babban namiji yana kai kilo 900.

Amma Bazazzagi akwai abin da jagoranku mai yiwuwa bai tsaya a kai ba. Cikin 54 ɗin nan, da aka bi salsala, duk baunar Turai da ke raye yau daga dabba 12 kacal ta fito. Layin da ke Bialowieza ma daga 7 ne. Ka ga auren zumunci ne na shekara ɗari ba shigowar baƙon jini. Adadi ya ƙaru amma jinin da ya ɓata ya ɓata, ba a ƙirƙiro shi. Mazan dajin nan suna fama da wani ciwo da ke lalata musu gaba, kuma a Bieszczady da ke kudancin Polan tarin fuka ya taɓa shiga har sai da aka kashe garke guda. Garken da jininsa ɗaya ne cuta ɗaya tana iya kwashe shi. Shi ya sa ake ta rarraba su ƙasa-ƙasa, kar annoba ta same su a wuri guda.

Baffa Mai Shanu:
Assalamu alaikum. Na karanta. Ni tambayata ɗaya ce ɗana, gonar da ka ce kun tsaya a bakinta ta waye? Mai gonar yana murna da baƙin nan tara? Don ni na san abin da saniya goma ke yi wa gona a dare ɗaya, na biya diyya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, balle abu mai kilo 900 da ba shi da makiyayi ba shi da sanda a bayansa.

Bazazzagi a Polan:
Wa alaikumus salam Baffa. Gsky ka taɓo inda yake ciwo. Manoman ba duka ke murna ba, da sanyi dabbobin suna fitowa su ci shukar da aka yi ta hunturu, su farke dammunan ciyawar da aka ajiye wa shanu. Abin da ya sassauta shi ne doka ta ce gwamnati ce ke biyan ɓarnar da zubur ta yi, ana zuwa a duba a ƙiyasta a biya. Sannan ana zuba musu busasshiyar ciyawa a cikin daji lokacin sanyi don kar su fita. Amma shi ma wannan akwai masana da ke sukarsa, suna cewa tara su wuri ɗaya yana yaɗa tsutsar ciki, kuma wai asali ma ba dabbar ƙurmin daji ba ce, ta fili ce mai ciyawa, mutane ne suka kora ta cikin kurmi ta ɓuya, shi ya sa kullum take komawa gona.

Baffa Mai Shanu:
To ka ji. Dabba ba ta ƙarya, inda abincinta yake can za ta.

Bakano Direba a Amurka:
Jama'a ku yi haƙuri yanzu na faka mota na ga wannan hira, bari in sa baki don ni kusan duk wata sai na ratsa Montana da Dakota da Wayomin da tirela. Labarin na nan ya fi na Turai ciwo nesa ba kusa ba, don can yaƙi da yunwa ne suka cinye su, nan kuwa da gangan aka yi. Ana ƙiyasin miliyan 30 zuwa 60 ne a da. Kafin 1890 abin da ya rage bai wuce wajen dubu ɗaya ba. Ku sake karantawa, daga miliyoyi zuwa dubu. Da aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa yamma a 1869 sai ya raba garken biyu, na kudu da na arewa, sannan aka gano yadda za a jeme fatar ta yi belin injinan masana'anta, shikenan mafarauta suka cika fili, a harbe a feɗe a ɗauki fata wani lokaci da harshe a bar nama ya ruɓe. Daga baya har ƙasusuwan aka bi aka tsince ana yin taki da tace sukari da su. Akwai wani tsohon hoto na 1892 daga Mishigan, tsibin ƙoƙon kawuna kamar dutse, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duk wanda ya gani sai jikinsa ya mutu.

Kuma ba kasuwa kaɗai ba ce. 'Yan asalin ƙasar, su Lakota da Blackfeet da Komanci da sauransu, rayuwarsu gaba ɗaya a kan dabbar nan take, nama, tanti, sutura, igiya, har kashin da suke hura wuta da shi. Manyan soja sun san idan dabbar ta ƙare mutanen za su miƙa wuya su zauna inda aka keɓe musu. A 1874 majalisa ta zartar da dokar kare ta, Shugaba Grant ya ƙi sa hannu. Baffa ka ɗauka a wayi gari a kashe shanun Fulani kaf don a tilasta musu zama wuri ɗaya, to kwatankwacin abin kenan.

Baffa Mai Shanu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ai kashe al'umma ne ba kashe dabba ba. Kakanninmu sun ba da labarin annobar da ta share shanu a ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, mutane suka haukace suka shiga daji suna kiran shanun da suka mutu. Wannan daga Allah ce. A ce mutum ne ya yi wa ɗan uwansa haka.

Maman Khairat:
Allah Ya isa wlh. Malam Bakano to ya aka yi suka dawo? Kuma ana cin naman?

Bakano Direba a Amurka:
Hajiya ana ci sosai, ana sayarwa a manyan kantuna, bai da kitse kamar na sa. Yadda suka dawo kuwa, 'yan tsirarun mutane ne suka kama maruƙa suka riƙe, kamar Charles Goodnight a Teksas, da Michel Pablo da Charles Allard a Montana. A gandun Yellowstone na daji da suka rage wajen 1902 ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, sai da aka sayo 21 daga waɗancan garkunan aka ƙara. 1905 aka kafa ƙungiyar kare ta a gidan zu na Bronx a Niyok, William Hornaday da goyon bayan Shugaba Roosevelt, 1907 suka loda 15 a jirgin ƙasa zuwa Oklahoma. Garken Pablo kuma gwamnatin Kanada ce ta saye, jikokinsu ne a gandun Elk Island, daga can aka ɗauki 16 aka kai gandun Banff, shi ma a Kanada, a 2017.

Yanzu idan ka ji an ce akwai wajen rabin miliyan sai ka ce an gama. Ba a gama ba. Mafi yawansu na kiwo ne a cikin waya, na kasuwa, kamar shanu, kuma da yawa akwai jinin saniya a jikinsu saboda barbarar da aka yi a da. Waɗanda ake riƙe da su don kare iri dubu ashirin zuwa talatin ne, masu yawo ba shinge kuma ba su kai haka ba. A 2016 Obama ya sa hannu ta zama dabbar ƙasa, tana kan tutar jihar Wayomin tana kan kuɗi, amma ta taka ƙafa waje da Yellowstone ta shiga Montana ka ga abin da zai faru.

Auta:
Me zai faru?

Likitan Dabbobi:
Bari in amsa wannan don fannina ne. Bakkale. Baffa ya san ta, ciwon da ke sa saniya ɓari, gwiwa ta kumbura, kuma mutum yana ɗauka ta ɗanyen nono ko taɓa mahaifa. An fara ganinta a baunar Yellowstone a 1917, kuma abin takaici daga shanun da aka shigo da su ta same su. Yanzu masu shanun Montana sun kashe kuɗi da shekaru sun tsabtace garkunansu, suna tsoron idan bauna ta fito da sanyi neman ciyawa ta yi ɓari a makiyaya, shanu su lasa, a hana jihar sayar da shanu waje. Saboda haka ake kora su, ko a kama a kai mayanka. A sanyin 1996 zuwa 1997 sama da dubu aka kashe.

Amma ga inda maganar ta karkace. Ba a taɓa tabbatar da cewa baunar daji ta sa wa shanu bakkale a fili ba. Duk lokutan da aka bi diddigi a yankin, wata babbar barewa ce mai ƙaho reshe-reshe da suke kira elk ke yaɗawa, ita kuwa tana yawo yadda ta ga dama ba mai kai ta mayanka, don mafarauta na sonta kuma tana kawo kuɗi. Masu shanu za su ce ai rashin yaɗuwar saboda ana raba su ne, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Ni dai a ganina rabin faɗan na cuta ne rabi na ciyawa, wa zai ci ciyawar filin gwamnati, saniya ko bauna.

Baffa Mai Shanu:
Dakta ban yarda a maida masu shanu mugaye ba. Wanda bai taɓa tashi da asuba ya ga saniyarsa ta yar da ɗan wata bakwai ba bai san bakkale ba. Shekara guda ta wuce a banza, ba ɗa ba nono. Mutum yana da haƙƙin ya ji tsoro. Na birni ya zo da kyamara ya ɗauki hoto ya koma, wanda ke kwana da dabbar shi ke biya. In ana son abu ya zauna to a fara da wanda zai yi asara, a zauna da shi, a gaya masa in an yi ɓarna wa zai biya kuma yaushe, ba bayan shekara uku ba.

Likitan Dabbobi:
Baffa ban ce mugaye ba ne, Allah Ya huci zuciyarka. Kuma maganarka ta ƙarshe ita ce ta faru a Jamus. A 2013 aka saki 8 a duwatsun Rothaar, aka yi ta murna an ce karo na farko a yammacin Turai. Dabbobin suka riƙa ɓare bawon itatuwa a dazukan mutane, masu dajin da ke sayar da katako suka kai ƙara, aka shekara da shekaru a kotu, suka yi nasara, ƙungiyar da ta kawo dabbobin ta durƙushe, ƙarshe garken ya koma cikin shinge. Haka a 2017 wani namiji ya ƙetaro kogin Oder daga Polan, inda ya shekara yana yawo ba wanda ya taɓa, yana shiga Jamus kusa da garin Lebus wani jami'i ya ba da umarni aka harbe shi. Ba mugunta ba ce, mutane sun manta yadda ake zama da babbar dabba.

Saɓanin haka Romaniya. Tun 2014 ƙungiyoyin kare namun daji, Rewilding Europe da WWF, suke sakinsu a duwatsun Tarcu kusa da ƙauyen Armenis, bayan sama da shekara 200 babu su a yankin, kuma tun farko 'yan ƙauyen aka ɗauka aikin gadi da bin sawu da saukar baƙi. Can ma ana samun ƙorafi idan sun shiga gonar itatuwan marmari, amma garken ya haura ɗari yana ta haihuwa a daji.

Maman Khairat:
Ni fa ina da tambaya kar a ce na cika musu. Duk kuɗin nan da ake kashewa, jirgi, mota, likitoci, albashin masu gadi, a kan dabba, alhali ga yara ba makaranta. Amfanin me take yi in ban da kallo? Ɗalibaina in suka tambaye ni me zan ce musu

Bazazzagi a Polan:
Hajiya tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa jagoranmu irinta. Ya nuna mana wani rami mai faɗi inda suke birgima, ya ce da bazara ruwa ke taruwa a ciki, kwaɗi da ƙwari su samu gida, tsirran da ba sa iya fitowa a cikin duhuwa su fito a gefen. Suna cin ciyawa nan su bar can, ba sa aske wuri ɗaya, suna ɓare bawo itace ya mutu haske ya shigo, kashinsu taki ne kuma yana ɗauke da iri daga wuri zuwa wuri, gashin da suke zubarwa tsuntsaye ke yin sheƙa da shi. Wato aikin da za a sa ma'aikata da inji su yi, ita tana yi tana cin abincinta. Don haka ma aka kai uku mata wani daji a Kent ta Ingila a Yulin 2022, ashe ɗaya da ciki ta zo, ta haihu bayan 'yan watanni.

Bakano Direba a Amurka:
Ƙari a kan wannan, a Kansas akwai wani fili da ake kira Konza, jami'a ke bincike a wurin, an mayar da su tun 1987, bayan kusan shekara talatin aka ga ire-iren tsirran asali sun kusa ninkawa a inda suke kiwo in aka kwatanta da inda ba a kiwo, kuma wurin ya fi jure fari.

Amma Hajiya in kina son amsar da za ki ba yara, ki ba su ta 'yan asalin ƙasar. Tun farkon shekarun 1990 ƙabilu suka haɗa majalisar dawo da bauna, yanzu ƙabila wajen 80 ne a ciki. A 2012 aka kai wajen 60 daga Yellowstone zuwa Fort Peck, yankin 'yan asalin ƙasar a Montana, bayan an killace su an gwada an tabbatar ba bakkale, aka tarbe su da waƙa da ganga, dattawa na kuka. Yau maimakon a kai duka mayanka ana bi ta wannan hanyar a rarraba wa ƙabilu. Naman yana shiga abincin makarantu da na tsofaffi a wuraren da ciwon suga ya yi katutu. A 2020 majalisa ta mayar wa ƙabilun Salish da Kootenai gandun baunar da aka yanka daga ƙasarsu a 1908. Na taɓa tsayawa shan mai a wani ƙauye can, wani dattijo da muka yi hira ya ce min jikarsa ta fara koyon yarensu ne saboda tana son sanin sunayen sassan jikin dabbar. Ni a nan na gane ba maganar kallo ba ce.

Maman Khairat:
Wannan kam ya shige ni. Na gode Malam. Zan kai musu ranar Litinin in Allah Ya kai mu.

Ɗan Dakoro:
Sallama gare ku 'yan uwa. Bazazzagi ka ce mu mi ya hana mu, to ina son in ce ba a rasa ba, ana yi, sai dai ba a jin labari. Raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, a 1996 guda 49 suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Yau sun wuce 600. Kuma ba cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke, suna cin wake suna cin mangwaro, manoma na haƙuri don an taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan bashi, samari na samun aikin jagora. A 2018 an ɗauko 8 aka kawo Gadabeji nan wajenmu, tafiyar sama da kilomita 800 a mota, wurin da raƙumin dawa ya ɓace shekaru kusan hamsin. Tsofaffin Fulani da Buzaye da suka san su tun suna yara sun zo kallo.

Ga Chadi kuma, mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho kamar takobi. A 2000 aka ce ta ƙare a daji duk duniya. Daga 2016 aka fara kawo su da jirgi daga Abu Dabi ana saki a Wadi Rime, suka hayayyafa, a ƙarshen 2023 aka fid da ita daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Kuma makiyaya na nan cikin wurin da raƙumansu da shanunsu. Labarin ɗaya ne da na zubur ɗinka, gidan zu ya riƙe iri har ranar da aka samu fili.

Abin da ke karya mu tsaro ne. Tun harin watan Agusta 2020 da aka kashe mutum takwas a Kure baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora suka zauna ba aiki. In manomi ya daina ganin amfani, har yaushe zai ci gaba da haƙuri da dabbar da ke cin wakensa?

Bazazzagi a Polan:
Ɗan uwa na gode, wlh ban san labarin mariri ba, na janye maganata. Kuma tsaron da ka faɗa ko nan ya taɓa su. A 2022 Polan ta gina katangar ƙarfe mai tsayin mita biyar da rabi, kilomita 186, a kan iyakar Belarus saboda 'yan gudun hijira, ta ratsa tsakiyar dajin nan. Dama akwai tsohuwar waya ta zamanin Sobiyet a ɓangaren Belarus. Garken da jininsa ya riga ya yi ƙaranci an raba shi biyu, na nan ba ya ganin na can.

Auta:
To mu ma a sayo irin wannan baunar a kawo Yankari mana tunda tana gyara daji

Likitan Dabbobi:
A'a ƙanena, zafin Bauchi kaɗai zai gama da ita, ga sammore ga kaska. Kuma mayar da dabba daban, shigo da baƙuwa daban. Mayarwa shi ne ka dawo da abin da ƙasar ta sani. Ko na Kent ɗin nan akwai masanan da ke cewa wannan irin bai taɓa zama a Ingila ba, wata 'yar uwarta ce da ta ƙare tun zamanin ƙanƙara, shi ya sa wasu ba sa kiransa mayarwa. A Sumu ta jihar Bauchi akwai dabbobin da Namibiya ta bayar a 2006, jakin dawa da sauransu, abin kallo ne mai kyau amma ba shi ne ceto irin namu ba. Namu suna nan da sauran numfashi, bauna, gwanki, kanki, giwayen Yankari, 'yan zakunan da suka rage. Wanda ke raye a dajinsa yau ya fi sauƙin tsarewa sau ɗari a kan a jira ya koma 54 a fara rubuta littafin asali. Kuma ku lura, Turawa sun yi sa'a akwai zubur a gidajen zu. Wasu namun namu in suka ƙare a daji babu inda aka ajiye irinsu.

Baffa Mai Shanu:
Dakta a nan muna tare. Amma in ƙara, yaranmu da ke shiga gandun daji da shanu ba don son karya doka ba ne, burtali ne aka nome, mashaya aka kewaye, ina za su? In aka gyara burtali aka bar makiyaya, rabin rigimar gandun daji ta mutu. Kuma ba wanda ya san sawun dabba da inda maharba ke kwana kamar makiyayi. A ɗauke su aikin gadi kamar yadda ka ce an yi a Romaniya a gani.

Ɗan Dakoro:
Hakanan ne Baffa. A Wadi Rime makiyaya na cikin masu ba da labarin inda suka ga mariri.

Maman Khairat:
Bazazzagi ka ce gabanka ya faɗi, suna kai wa mutum hari ne?

Bazazzagi a Polan:
Ba kasafai ba Hajiya, ta nan tana da kunya, in ta ji mutum sai ta juya. An ce mana dai kar mu matsa ƙasa da mita 50, kuma mai ɗa ba a yi mata wasa.

Bakano Direba a Amurka:
Ta nan kam ba kunya. A Yellowstone ta fi kowace dabba raunata mutane, har beya, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata, ba ta kai ta ba, kuma kusan kullum laifin mutane ne, a matsa a ɗauki hoto. Ka gan ta kamar ba za ta iya motsi ba amma tana gudun kilomita 55 a awa. Dokar wurin yadi 25 ne. A 2016 wasu baƙi suka ga ɗan maraƙi suka ɗauka sanyi yake ji suka sa shi a bayan mota suka kai wa ma'aikata, garken ya ƙi karɓarsa, dole aka kashe shi. Niyya mai kyau ce, rashin sani ne ya jawo.

Zan tashi in kama hanya, akwai sauran awa shida gabana. Bazazzagi don Allah turo hoton babban namijin nan in nuna wa abokin tuƙina, ɗan Dakota ne, bai yarda akwai irinta a Turai ba.

Bazazzagi a Polan:
Allah Ya kiyaye hanya Yaya. Hotunan na wayar abokina ne, nawa duk sun yi duhu don gari bai waye ba, da ya turo zan sa a nan. Ɗan Dakoro in da hali kai ma ka samo mana na raƙuman dawan Gadabeji, ina son in san ko sun haihu tun da aka kai su.

Ɗan Dakoro:
Sun haihu. Akwai ɗan ƙanena da ke kiwo ta wajen, in ya shigo kasuwa ranar Juma'a zan tambaye shi ko yana da hoto.